Kowane garmaho da muryarsa

Mai karatu, ka sa faifai guda bisa garmaho uku, za ka ji murya uku. Ga dalili.

Teppaz na Faransa akwati ne na ɗauka da hannu. Lasifikarsa ƙarama ce. Muryar mawaƙi tana fita sarai, amma ganga ba ta da nauyi.

Technics SL-1200 ya fito daga Japon a 1972. Injinsa ne ke juya faifai kai tsaye. Gudunsa ba ya rawa, shi ya sa kiɗa ke tafiya daram.

Linn LP12 na Birtaniya, igiyar roba ce ke juya faifansa. Roba tana shanye girgizar inji, sai sauti ya fito wasai. In ta tsufa ta saki, sai goge ya riƙa tangaɗi.

A ganina Technics ya fi, don ba shi da robar da za ta saki. Amma duba allura tukuna. Allurar da ta dakushe tana cinye faifai, kuma ba ya gyaruwa. Kafin ka biya kuɗi, sa faifan da ka sani, ka saurara da kunnenka.