Jinjina ga Tsofaffin Ɗaliban Barewa

Idan aka yi la'akari da yadda zamani yake warwatsa abokan karatu, wani ya zama alƙali, wani likita, wani kuwa ya koma gona, lalle ya wajaba a jinjina wa tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, makarantar da aka assasa a Katsina a 1921, ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa tun kafin ta tare a Zariya. Domin kuwa duk shekara sukan hallara wajen walima, a tuɓe muƙami a bakin ƙofa, a kira juna da laƙabin ƙuruciya, a yi wa mamata addu'a, sa'an nan a tattauna bukatun makaranta. Haƙiƙa zumunta a ƙafa take.