Tambarin Damagaram: Raƙumi da Dagi Ba Su Isa Ba

Duk wanda ya saba kallon tallace-tallacen yawon buɗe ido na Nijar ya san abin da ake nuna masa: raƙumi, tudun rairayi, gicciyen Agadas, wani lokaci raƙumin dawa na Kure. Ba ni da ja da waɗannan. Inda nake da ja shi ne a kwaso su a liƙa wa Damagaram idan an tashi zana mata tambarin jawo baƙi.

A Hausa, tambari ganga ce ta sarauta. In aka buga ta, ba sai an tambayi wane sarki ne ya fito ba. Haka ya kamata tambarin gari ya kasance. Agadas ta dace, domin hasumiyar masallacinta ta ƙasa, mai tsawon mita 27, ba ta da tagwaye, kuma tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Layi huɗu sun isa a zana ta, kowa ya gane.

Masu zane da yawa, in sun rasa abin kamawa, sai su ruga ga dagi. Dagi namu ne, amma yana jikin bangon Kano, yana Zariya, yana kan riguna da tutocin ƙungiyoyi barkatai. Yana cewa "ƙasar Hausa", ba ya cewa "Damagaram". Wasu kuma su cusa fada da takobi da doki da zangarniyar gero a da'ira guda. Da zarar an ƙanƙanta shi a fuskar wayar hannu, sai ya koma tabon tawada.

A ganina, amsar tana cikin Birni da Zango. Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, wanda ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 kafin a koma Yamai, yana da abu biyu da ba kasafai ake samunsu tare ba: manyan duwatsun da gidaje suka rakuɓe a jikinsu, da fuskar zaure mai zankwaye da zanen magina. A ɗauki zaure ɗaya, a jingina shi da dutse ɗaya, a ba su launin jar ƙasa. Sannan a kai wa baduku ya gwada a kan fata, a kai wa mai ɗinkin hula. In suka iya fitar da shi ba wahala, ya yi.

Sai dai akwai sharaɗi. Gidajen ƙasa suna zubewa kowace damina, siminti da kwano suna cin gurbinsu, magina masu gwanintar zanen kuma suna tsufa. Duk hukumar da ta sa zaure a tambarinta ta ɗauki alkawarin cewa baƙo zai iske shi a tsaye. Saboda haka a fara jin ta bakin maginan kafin a kira mai kwamfuta, kuma a ware kuɗin yaɓe tare da kuɗin buga takardun talla.