Gidan Mambayya da Baje Kolin Siyasar Talakawa

Gidajen tarihin siyasa biyu da suka fi suna a Arewacin Nijeriya duk sun faro ne a matsayin gidajen zaman shugabanni, kafin daga baya a damƙa su ga jami'o'i domin adana kayan tarihi da gudanar da bincike. Na farko shi ne Gidan Arewa da ke Kaduna, harabar da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, wadda a 1970 ta zama cibiyar tattara bayanan tarihi a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma tana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Na biyu shi ne Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, gidan da Malam Aminu Kano ya rayu a ciki, aka kuma binne shi a harabarsa bayan rasuwarsa ranar 17 ga Afrilun 1983. Jami'ar Bayero ta buɗe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a wurin a shekarar 2000, Farfesa Attahiru Jega ne ya shugabance ta a shekarunta na farko, sunan Mambayya kuwa laƙabin mahaifiyar Malam ne.

Aikin irin waɗannan gidaje ya kasu biyu. Akwai baje koli, wato jera kayayyaki da hotuna da takardu bisa wani tsari domin mai kallo ya fahimci wani zamani, akwai kuma taruka, irin su lacca da taron ƙara wa juna sani da taron tunawa da mamaci. A gidan tarihin da aka gina musamman, mai tsara baje koli shi ke yanke shawarar inda labari zai fara da inda zai ƙare, amma inda gida ya riga baje koli zuwa, ginin ne ke jan akalar labarin, domin ɗakin kwana da ɗakin karatu da kabari sun riga sun faɗa wa mai ziyara cewa batun mutum guda ya zo ji.

Wannan ya fi fitowa fili a Mambayya. Wanda ya shiga ɓangaren da Malam ya zauna yakan sassauta murya ba tare da an umarce shi ba, ya dubi ƙanƙantar ɗakunan da ƙarancin kayan da ke ciki, idan ya isa kabari kuma ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a ya shafa, kamar yadda maziyarta ke yi a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Abin da yake fita da shi a zuciya shi ne gudun duniya, cewa mutumin da ya riƙe kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya kuma nemi shugabancin ƙasa a 1979, bai bar abin a zo a gani ba. Shaidar gaskiya ce, kuma a ƙasar da dukiyar 'yan siyasa ta zama abin faɗa a bakin kowa, ba ƙaramin wa'azi ba ne. Sai dai al'adar ziyara, wadda asalinta neman tabarraki ne da girmama magabata, ba ta koya wa mutum yin tambaya, alhali siyasar da ta fito da sunan mai gidan siyasar tambaya ce da gardama da tsaurin ido.

An kafa NEPU, wadda Hausawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, Malam ya zama shugabanta a 1953, kuma Sanarwar Sawaba ta 1952 ta fito ɓaro-ɓaro ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, wato hukumar gargajiya wadda Turawa suka mulki ƙasa ta hannunta, mai 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari nata na kanta. Mabiya jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala a kan laifuffuka irin su yin taro ba izini ko ambaton sunan sarki a dandalin siyasa, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kaɗai an ɗaure ta fiye da sau goma. Wannan tarihi yana da wuyar jerawa a cikin akwatin gilashi. Shugaba yakan bar littattafai da wasiƙu da hotuna, amma teloli da mahauta da 'yan koli da suka ɗauki tauraron NEPU zuwa kasuwannin ƙauye ba su bar komai ba sai katin jam'iyya, wanda sau da yawa mai shi ne ke ɓoye shi ko ya ƙone shi don tsoron dogarai, abin da ya tsira kuma gara ta gama da shi.

Ƙasar Zamfara misali ce mai kyau ta tarihin da ke faɗawa tsakanin gidajen biyu, domin Sardauna da Malam duka sun gogu ne a can. An tura Sardauna Gusau a 1938 domin kula da gundumomin gabashin Sakkwato, a nan ne kuma a 1943 aka tuhume shi kan kuɗin jangali, harajin shanu ke nan, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Malam Aminu kuwa a Maru ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa, yana shugabantar makarantar horon malamai, daga can ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa gaba ɗaya. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, kuma jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ne ke sauke fatake da ma'aikata da jaridu da labaran jam'iyyu, waɗanda daga tasha suke bazuwa zuwa kasuwannin Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi. Yadda manomin waɗannan garuruwa ya ji da haraji, da yadda ya zaɓi tsakanin fartanyar NPC, jam'iyyar Sardauna, da tauraron NEPU a lardin da yake mahaifar Firimiya, ya fi zama a bakin dattawa da waƙoƙin makaɗa da kundin shari'o'in alƙalai, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da gurbi na asali a ɗakin kwanan shugaba.

Taruka ne ya kamata su cike wannan giɓi, tunda baki na iya faɗin abin da kaya ba za su iya nunawa ba. A kowace shekara, a zagayowar lokacin rasuwar Malam, cibiyar takan shirya taron tunawa da shi, babban ɗakin taronta kuma sunan Malam Sa'adu Zungur yake ɗauke da shi, abokin gwagwarmayarsa da ya rasu a 1958. Tsarin zaman shi ne wanda aka saba gani a tarukan manya: babban teburi a gaba, shugaban taro da uban taro da babban baƙo mai jawabi, mai gabatarwa yana jero sarautu da muƙamai ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe da addu'a, ragowar jama'a kuma a ƙasa suna jiran 'yan mintunan tambayoyi da za su rage a ƙarshe. Abin lura ne cewa tsari irin na fada ya zama mazubin tunawa da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana talaka faɗuwa gaban mai mulki. Ƙari a kan haka, takardun ilimi galibi da Turanci ake rubuta su kamar yadda jami'a ta saba, alhali Malam da Hausa ya ja hankalin jama'a, da misalan kasuwa da ayoyin Alƙur'ani.

Akwai kuma batun gado, wanda a Kano bai taɓa kwantawa ba. PRP, jam'iyyar Malam mai alamar mabuɗi, ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, amma kafin a je ko'ina jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi ɓangaren gwamnonin, Taɓo ɓangaren da ya tsaya tare da Malam, kuma a cikin wannan ɓaraka ya rasu. Tun daga lokacin kusan kowane ɗan siyasar Kano yana kiran kansa almajirin Malam, har jar hula ta zama alamar tafiyar Kwankwasiyya bisa da'awar koyi da shi. Cibiyar da ke ƙarƙashin jami'a, wadda dole ta buɗe ƙofarta ga kowane ɓangare, takan sami sauƙi wajen magana a kan gaskiyar Malam da riƙon amanarsa, abin da kowa zai yi wa tafi, fiye da tono rigimar Santsi da Taɓo ko ambaton waɗanda suka sa aka yi wa 'yan NEPU bulala.

Don kwatanci, a tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda aka tsare Nelson Mandela shekaru 18, tsofaffin fursunonin siyasa ne ke zagayawa da baƙi suna ba da labarin abin da aka yi musu, kuma hakan ya yiwu ne saboda mulkin wariyar launin fata ya faɗi ƙasa warwas. A Arewa sauyin a hankali ya zo: an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, amma gidajen sarauta suna nan da martabarsu, jikokin waɗanda suka ɗaure da na waɗanda aka ɗaure sun yi auratayya, kuma sau da yawa teburi guda suke zama a wurin taron. Masu shaidar gani da ido kuwa suna ƙarewa, domin matashin da ya jefa ƙuri'a a Ƙaura Namoda ko Zurmi a zaɓen 1959, wanda a cikinsa Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas, a yau ya doshi shekara 90.