Dandalin Gujarati ya cika da dariya, amma wa ke zaɓen wasan?

A birnin Mumbai, wasan kwaikwayon dandali da harshen Gujarati sana'a ce da ke ciyar da mai ita, abin da 'yan wasan wasu harsunan Indiya ke kallo da sha'awa. Sirrin yana wajen cinikin. Ƙungiyoyin mata, na 'yan kasuwa da na 'yan gari ɗaya sukan sayi kujerun zaure gaba ɗaya domin mambobinsu, don haka furodusa ya san ribarsa tun ba a ɗaga labule ba. Sai dai wanda ya biya shi ke da zaɓi, kuma sakataren ƙungiya ba ya son wasan da zai ɓata wa kowa rai. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: suruka da matar ɗa, maigida mai ƙarya yana neman mafita, a yi ta ƙyaƙyata dariya a watse.

Ban raina masu wannan hanya ba. Siddharth Randeria, mai jerin wasannin Gujjubhai, gwani ne wajen sanin inda zai ajiye magana ta fashe da jama'a, har jerin ya zama fim a 2015. Damuwata ita ce yadda salo ɗaya ya cinye kasuwar.

Manoj Shah, ɗan wasa kuma darakta da aka haifa a Mumbai a 1955, ya ƙi bin layin. Da kamfaninsa Ideas Unlimited ya kama gina wasanni kan rayuwar mutanen gaske, da 'yan wasa kaɗan, wani lokaci mutum ɗaya tal. A 2004 ya fitar da Mareez, labarin mawaƙin Gujarati Abbas Vasi, wanda talauci da giya suka kai shi ga sayar wa wasu waƙoƙinsa suna sa sunansu a kai. Ka duba wannan labari, ka gaya mini wace ƙungiya za ta saye shi don daren shaƙatawa. Amma wasan ya daɗe ana yin sa a zauren Prithvi. A 2015 kuma sai Mohan No Masalo, inda Pratik Gandhi ya tsaya shi kaɗai a dandali yana fitowa a matsayin Mahatma Gandhi tun yana saurayi mai kunya da kurakurai, kafin duniya ta san shi. Har ya taɓa yin wasan da Gujarati, Hindi da Turanci a rana guda. Masu kallon finafinan Indiya a wajenmu da suka gan shi a shirin Scam 1992 a 2020, su sani a dandali ya yi horo.

Wannan salon ma yana da nasa ciwon. Wasan mutum ɗaya ba shi da tsada, kuma idan marubuci ya ji nauyin wanda ake ba da tarihinsa, sai abin ya koma lacca da kirari. Duk da haka na fi son darakta ya yi kasadar gajiyar da ni a kan ya maimaita mini barkwancin bara. Masu sayen kujeru a dunƙule su riƙa ware ko da dare ɗaya a shekara ga irin wasannin Manoj Shah.