Masu Baje Kolin Komin Kirsimeti a Majami'un Ingila

Komin Kirsimeti ƙaramin shiri ne na mutum-mutumi da ke nuna haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami: jariri kwance a komin dabbobi, Maryamu da Yusufu a gefensa, makiyaya da tumakinsu. Ana danganta yaɗuwar al'adar ga Waliyyi Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinta da sa da jaki masu rai a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223.

A majami'u da dama na Ingila, cikin Disamba, 'yan sa-kai kan ari komaye daga gidajen jama'a su jera su a cikin coci. Akwai na itacen zaitun da masassaƙan Baitalami suka sassaƙa, akwai na yumɓu, akwai wanda wata tsohuwa ta saƙa da ulu, har da 'yar igiyar wuyan jaki. Mai kallo yakan jefa abin da ya sawwaƙa a akwati, kuɗin kuma su tafi gyaran rufi, ɗumama ginin, ko taimakon mabuƙata.

Waɗannan 'yan sa-kai sun cancanci jinjina. Su ke naɗe kowane ɗan mutum-mutumi a takarda, su rubuta sunan mai shi, su tsaya gadi cikin sanyin hunturu, sannan su mayar wa kowa kayansa lafiya.