Jinka da Gwanintar Baibaya a Ƙasar Wurno

Kago, wato ɗaki zagayayye na jar ƙasa mai jinka a kansa, tsohon gini ne a ƙauyukan Wurno da Birnin Kudu har zuwa Gwaram. Soro da shigifa sun fi zama na birni da masu hali. Kwano ya shigo a zamanin Turawa, ya bazu sosai da kuɗin mai na shekarun 1970. Masu rubutu kan ginin Hausa sun fi tsayawa a Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da Gidan Makama na Kano, jinka kuwa sai a ambace ta a wuce.

Gwanintar tana cikin baibaya. Da kaka ake yankan shuci, bayan ciyawa ta ƙosa ta bushe, a karkaɗe ta a daidaita gindinta. Sai yanta: mai aiki ya shimfiɗa ciyawar tsagi-tsagi, yana kitsa ta da igiyar rama ko ta kaba har ta zama doguwar shimfiɗa da ake naɗewa kamar tabarma. Tsaiko a ƙasa ake ɗaura shi, da sanduna ko kara, a ɗaure da tanka zobe-zobe, sannan maƙwabta su taru su ɗora shi kan bango. Daga baki ake fara warware yantar ana hawa sama, kowane zagaye yana rufe ɗaurin na ƙasa da shi, don kada ruwa ya taɓa igiya. A nan ake gane gwani. In tsaiko ya kwanta, ruwa ya zauna ciyawa ta ruɓe. In ya tsaya yadda ya kamata, ruwan Agusta sai ya zame ya zuba nesa da bango. Bakin jinkar da ya zarce shi ne laimar ginin, iska kuma tana ratsa ciyawa, shi ya sa kago ke da sanyi a bazara lokacin da ɗakin kwano ya zama tanda.

Masu suka suna kawo gobara da gara. Gobara gaskiya ce, musamman da hunturu. Amma cewa jinka alamar talauci ce zance ne maras tushe: a Ingila gidajen ciyawa da yawa hukuma ke kare su, masu kuɗi ke saya.

Kuskuren masu adana kayan tarihi shi ne auna jinka da ma'aunin dutse. Zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu shinge da mai gadi sun ishe shi. Jinka kuwa bayan 'yan damina sai an sabunta ta, don haka abin gadon yana hannun mai yanta da kuma filin da shuci ke tsirowa. Filayen nan gonaki suna ta cinye su, samari da yawa kuma sun fi sanin kafa ƙusa a kwano a kan ɗaurin tanka.