Da tsohuwar zuma ake magani: a mayar da manyan gasannin golf tsofaffin filayensu

A shekarar 1951 aka fara buga gasar The Open a wajen Ingila da Sikotlan, a filin Royal Portrush da ke gaɓar teku a Ailan ta Arewa, inda Max Faulkner ya ɗauki kofi. Daga nan gasar ta yi ɓatan dabo a wannan fili har shekara 68. Hujjojin da aka riƙa bayarwa su ne garin Portrush ƙarami ne, ba wurin kafa rumfuna da kujerun 'yan kallo, ga kuma rikicin da ya daɗe yana cin yankin kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Da aka koma a 2019, mutum 237,750 suka shiga kallo a garin da mazaunansa ba su kai dubu goma ba. Ni dai ina goyon bayan wannan ɗabi'a ta waiwayar tsofaffin filaye, amma goyon bayana yana da sharaɗi.

Golf ya bambanta da ƙwallon ƙafa ta fuska guda: filin shi kansa abokin karawa ne. Kowane filin ƙwallo tsarinsa ɗaya ne, amma kowane filin golf da halinsa. A Portrush akwai rami na 16 da ake kira Calamity Corner, wanda ɗan wasa ke buga ƙwallo ta tsallake wani kwazazzabo mai zurfi, iskar teku na kaɗa ta. Idan ta karkata dama kaɗan, ta tafi ke nan. Irin wannan ba a gina shi da kuɗi a shekara biyu. Iska da rairayi ne suka sassaƙa wurin, sannan Harry Colt ya zo ya tsara ramukan a kan abin da ya tarar.

Makon gasar 2019 ya nuna abin da komawa take haifarwa. Darren Clarke, wanda ya mai da Portrush gida, shi ya yi bugun farko da sassafe. Rory McIlroy ɗan yankin, wanda ya kammala filin da bugu 61 yana ɗan shekara 16, ya zo da nauyin jama'arsa a ka, ya yi bugu takwas a ramin farko kaɗai. Washegari ya yi 65, amma bugu ɗaya ya hana shi wucewa zagaye na gaba, ya tsaya gaban 'yan jarida hawaye na neman ƙwace masa. Ranar Lahadi kuma, cikin ruwa da iska, Shane Lowry ɗan Jamhuriyar Ailan ya lashe gasar da tazarar bugu shida, mutanen kudu da na arewa suna rera sunansa da murya ɗaya. A tsibirin da ya san rarrabuwar kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka aka gani da aka mayar da The Open filin Hoylake a 2006, bayan shekara 39 ba a je ba. Rani ya ƙona ciyawa, ƙasa ta yi tauri, Tiger Woods ya ajiye babbar sandarsa, sau ɗaya tak ya taɓa ta a kwana huɗu, ya ci gasar da lissafi da sanin inda za a ajiye ƙwallo. Tsohon fili ne ya tilasta masa wasan basira.

To ga sharaɗina. Kafin a koma Portrush sai da aka sadaukar da ramuka na 17 da 18 domin a samu wurin kafa rumfuna, aka gina sababbi biyu a wani ɓangare na filin da ke maƙwabtaka. An yi sa'a, aikin Martin Ebert ya dace da wurin, kuma da ma ramukan da aka cire ba su ne abin alfaharin filin ba. Amma ba kowane fili ke da wannan sarari ba. Idan sai an tsawaita fili an sauya masa kama kafin a dawo masa da gasa, to suna kawai aka dawo wa, abin da ake ƙauna ya riga ya tafi.

Merion da ke kusa da Philadelphia ta ba da amsa a 2013. An yi shekara 32 ba a kai US Open can ba, ana cewa ta yi gajarta, don ba ta kai yadi 7,000 ba. Aka rage yawan 'yan kallo, aka haƙura da wani kaso na kuɗin shiga. Da aka tashi, babu ɗan wasa ko ɗaya da ya yi ƙasa da adadin bugun da aka ƙayyade wa filin, har Justin Rose da ya ci. Ashe laifin ba na fili ba ne, na kayan wasan zamani ne da ke jefa ƙwallo nisan da masu tsara filayen ba su taɓa zato ba. Shi ya sa na yaba da matakin da hukumomin R&A da USGA suka sanar a ƙarshen 2023 na rage wa ƙwallo nisan tafiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda yawan tikiti ke neman zama alƙali. An sake komawa Portrush a 2025, shekara shida kacal, aka samu 'yan kallo 278,000, Scottie Scheffler ya ci. Ita kuwa Muirfield, wadda manyan 'yan wasa ke girmamawa, ta haura shekara goma tana jira tun gasar The Open ta 2013, duk da cewa a 2017 ta gyara kuskurenta na hana mata zama mambobi.

Kirana ga masu shirya waɗannan gasanni shi ne su ci gaba da komawa, amma su auna fili da irin jarrabawar da yake yi wa ɗan wasa kafin su ƙirga kujeru. Gasar da ta yarda ta rage riba domin ta taka fili nagari, ita ce ta cancanci a kira ta babba.